Kujerar Vendel a Layin Poplar

A garinmu, idan dusar ƙanƙara ta sauka ta binne titi, duk wanda ya ɗauki shebur ya share wa motarsa wurin tsayawa a ƙofar gida, wurin ya zama nasa har ƙanƙarar ta narke. In zai fita, sai ya ajiye tsohuwar kujera a wurin. Babu hukumar da ta rubuta wannan doka, amma na ga mazajen da ba sa tsoron ɗan sanda suna kauce wa kujerar wani. Mai ita kaɗai ke ɗaga ta, kuma ba ya ɗaga wa kowa sai nasa.

Yayana Vendel Hudak shi ya rage a gidan iyayenmu da ke Layin Poplar. Ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban tanderun narka ƙarfe, har ranar da masu kamfanin suka rufe ƙofa. Daga nan ya yi gadi, ya yi tuƙin motar burodi, ya binne matarsa, ya tsufa. Ni kuwa, Ludmila, wadda ake kira Milka, ban yi aure ba. Na koyar da tarihi a makarantar cocinmu har aka rufe ta don rashin ɗalibai, na koma wani ɗan ɗaki a benen tsofaffi da ke tsallaken kogi. Kullum bayan sujadar safe nakan tuƙa tsohuwar motata in kai masa abinci. Daga cikin danginmu da a da suke cika layi biyu na bencin coci, mu biyu muka rage a garin.

Da kaka ta shigo zuciyarsa ta buga, aka kwantar da shi, aka sa masa ɗan bututu a jijiya. Likita ya ce babu shekarar da shebur ba ya kashe tsofaffi irinsa. 'Yarsa Marlene ta zo daga Carolina, inda take aikin banki, ta so ta tafi da shi nan take. Ya ƙi. Sai ta tare ni a barandar asibiti, idanunta jajir.

"Gwaggo Milka, ke ce idona. Ranar da Baba ya sake taɓa shebur, ki gaya mini in zo in ɗauke shi. Ba zan jira a kira ni a ce an tsince shi a ƙanƙara ba. Kin yi alkawari?"

Na ce na yi. A lokacin ganyen bishiyoyi bai gama zuba ba, alkawarin bai yi mini nauyi ba. Na san dai ranar da Vendel ya bar garin nan, ba ni da sauran ƙofar da zan ƙwanƙwasa.

Ƙanƙarar farko mai ƙarfi ta sauka a wata Laraba cikin Janairu. Washegari na haura tudu a hankali, na wuce katangar tsohon kamfanin ƙarfe, wadda yanzu babu komai a bayanta sai fili da ciyayi. Motar kwashe ƙanƙara ta bi tsakiyar Layin Poplar sau ɗaya, ta tara tudu a gefe da gefe ta tafi. Tun daga kwana na hango ta: kujerar kicin ɗin mahaifiyarmu, mai ƙafafun ƙarfe da jar fata, tsaye ita kaɗai a wani wuri da aka share tas har baƙar kwalta ta fito.

Vendel ya sauko daga baranda, ya ɗaga kujerar, ya yi mini alama da hannu kamar mai jagorantar jirgi. Na tsayar da motar, na fito da tukunyar miyar kabeji.

"Yaya, wa ya share nan?"

"Iska."

"Iskar ce ta daidaita kusurwoyi haka?"

"Iskar Layin Poplar ta yi aiki a kamfani, Malama. Ba ta aikin ganin dama."

"Ka san abin da Marlene ta ce."

"Marlene tana can inda in ƙanƙara ta taɓa ƙasa ake rufe makarantu. Shiga ciki, miyar za ta huce."

Muna cin abinci na ce masa babu dalilin wannan wahala. Ina iya tsayar da motata a tsakiyar titi, ko yini za ta yi babu wanda zai yi mini hon.

Ya ajiye cokali. "A tsakiyar titi? Kamar mashayi? 'Yar gidan Hudak? Baba ya taso daga kabari kenan."

Dole in faɗi yadda layin yake a da, don a gane shi. Lokacin da muke yara gidaje manne suke da juna tun daga kwana har gindin tudu, kowane gida da mazajen da ke aiki a kamfani. Da dare sama jajir take saboda wutar tanderu, da rana kuwa mata ba sa shanya fararen kaya sai sun duba inda hayaƙi ya nufa. Iyayenmu ba sa ƙorafi, suna cewa baƙin hayaƙin da ke kan taga shi ne burodin da ke kan tebur. Kowace ƙabila da cocinta: namu na 'yan Slovakiya, na 'yan Poland a bayanmu, na 'yan Hungary a gangare. Da motoci suka yawaita, wurin tsayawa ya yi tsada, hunturu kuwa layin yakan cika da kujeru, da kwandon wanki, da teburin guga. Wanda ya kuskura ya kawar da kujerar wani, da safe sai ya tarar an kwarara wa motarsa ruwa, ƙofofi da gilashi sun daskare. Mahaifinmu da maƙwabcinmu Dombrowski sun daina gaisawa har mutuwa a kan abin da bai fi tsawon mota ba.

Sai kamfani ya rufe. Matasa suka bi aiki zuwa kudu, tsofaffi suka bi juna zuwa maƙabarta. Fiye da rabin mutanen garin suka watse. Aka haɗe cocinan uku a wuri guda, ko da haka ba ma cika shi. Hukumar gari ta bi kangaye tana rushewa, har Layin Poplar ya koma kamar bakin tsohuwa, haƙori nan, giɓi can. Bareyi suna kiwo a inda ɗakin girkin Dombrowski yake. Wanda yake da aiki a yau, ko dai a asibiti, ko a gidan yari, ko a manyan rumbunan kaya da ke bakin babbar hanya. A wannan layin ne Vendel yake kafa kujera yana tsare wurin da babu mai nema.

Marlene takan kira ni kowace Lahadi da la'asar. Na koma ɗakina a ranar ina juya abin a raina. Na ja carbi, na roƙi Allah Ya nuna mini hanyar da ba ƙarya ba ce, ba kuma kaɗaici ba. Na lallashi kaina da cewa sau ɗaya ne, wataƙila bai sake ba.

Juma'a da safe na karyo kwana, sai na ga wata tsohuwar mota shuɗiya a wurin da ya share. Kujerar kuma babu ita. Vendel yana tsaye a bakin titi, ba hula, riƙe da babbar tukunyar da muke dafa dankali, cike da ruwa. Na tsaya a tsakiyar titi na fito da sauri.

"Yaya! Ajiye tukunyar nan."

"Sun ɗauke kujerar Mama, Milka! Sun ɗauke ta, sun kuma shige wurina!"

"Su wa?"

"Baƙin da suka tare a gidan Kovach. Ga sawun ƙafa nan, ko ɓoyewa ba su yi ba."

Rabon da in ga fuskarsa da haske haka tun kafin matarsa ta rasu. Fushi yake yi, amma kamar wanda aka kawo wa albishir.

"Mutum mai jikoki, za ka daskarar da motar baƙo ranar Juma'a? Me zan ce wa Fada a coci?"

"Ki ce masa ya zo ya riƙe mini ɗaya hannun tukunyar."

Na karɓe ta da ƙyar na zubar a lambatu. Na ce mu je mu yi magana kamar masu hankali. Ya yi gaba yana huci, na bi shi. Gidan Kovach, tsoffin maƙwabtanmu da suka daɗe da tashi, yana tsallaken titi, bayan kangon fili biyu. Na ji labari a coci cewa an kawo wasu iyalai 'yan gudun hijira masu jin harshen Nepal, ana ba su gidajen da babu kowa, amma ban taɓa ganin waɗannan ba.

Wani magidanci gajere ya buɗe ƙofa, sanye da rigar aikin rumbun kaya, idanunsa cike da barci. Ya haɗa tafukan hannu ya sunkuyar da kai.

"Barka da safiya, Baba. Barka, Inna. Sunana Tika Rizal. Ku shigo, akwai sanyi."

"Ba zama ya kawo ni ba," in ji Vendel. "Waccan motarka ce?"

"Tawa ce, Baba. Yanzu na taso daga aikin dare. Na ga hukuma ta share wuri ɗaya mai kyau, na ce yau na yi sa'a."

"Hukuma! Ka ji, Milka? Ni ne hukumar. Kujerar fa?"

Fuskar Tika ta washe. "A'a, kujerar ma! Matar da ta kawo mu garin nan ta ce duk abin da aka ajiye a bakin titi an yar da shi ne, kowa na iya ɗauka. Haka muka sami tebur da fitila. Wannan kujerar kuwa, wanda ya yar da ita bai san darajar kaya ba."

Ya matsa gefe. A cikin kicin, kusa da murhu, wata tsohuwa 'yar ƙarama lulluɓe da jan mayafi tana zaune a kan kujerar mahaifiyarmu, tana tsince shinkafa a faranti. Ƙafafunta ba su kai ƙasa ba.

"Mahaifiyata ce, Bishnu Maya. Gwiwoyinta sun hana ta zaman ƙasa, kujerun falo kuma in ta nutse ciki ba ta iya tashi. Wannan ce ta farko da ta yi mata daidai."

Vendel ya shiga bayani, muryarsa a sama. Abin da aka jingine a gefen hanya daban, abin da aka kafa a wurin da aka share daban. Ya kawo labarin Dombrowski, ya kawo na hunturun da aka yi kwanaki motar burodi ba ta hau tudu ba. Tika yana saurara, kunya tana rufe shi, yana maimaita "ban sani ba, Baba, wallahi ban sani ba." Ana cikin haka sai maganar Vendel ta yanke a tsakiya. Ya kai hannu ya dafa bango. Leɓɓansa suka yi toka-toka.

Tsohuwar, wadda ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, ita ta riga mu motsi. Ta zame daga kujerar ta tura masa ita. Ya zauna, na lalubo ƙwayar da likita ya ba shi a aljihunsa, na sa masa ƙarƙashin harshe. Na riƙe hannunsa, hannun da a da yake ɗaga ni sama da shi kaɗai. A hankali jini ya dawo fuskarsa.

Bishnu Maya ta kawo shayi mai madara da citta. Vendel ya kurɓa ya yamutsa fuska.

"Wannan shayi ne ko miya?"

"Sha ka gode wa Allah," na ce.

Tika ya durƙusa a gabansa. "Baba, yanzun nan zan kawar da motar. Daga yau kuma duk ranar da ƙanƙara ta sauka, ni zan share maka wurin nan kafin in kwanta. Ba komai ba ne a wurina."

Raina ya yi fari. Na ce ga hanyar da na roƙa ta zo. Amma Vendel ya girgiza kai.

"Ba ka gane ba, ɗana. In kai ka share, wurinka ne."

"To, na ba ka."

"Ba a bayarwa. Kujera ba ta tsayawa a kan gumin wani. In na kafa ta a inda ka share, na zama ɓarawo kamar Dombrowski."

"Yaya," na ce, "wa zai sani? Wa ya rage a layin nan da zai tuhume ka?"

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "Ni na rage."

Ya miƙe a hankali. Tika ya ɗauki kujerar zai biyo mu da ita, Vendel ya dubi tsohuwar, ya dubi ƙafafunta, ya ce a bar mata zuwa bazara, yana da kwandon wanki da zai wadatar. Muka tsallaka titi ina riƙe da gwiwar hannunsa. A baranda ya tsaya yana duban sama, wadda ta yi nauyi, ta yi duhu ta wajen tafki.

"Za ta sake sauka kafin Talata," ya ce. Na ga idonsa ya sauka a kan shebur ɗin da ke jingine bayan ƙofa.

Na yi tunanin in ɗauke shebur ɗin, amma akwai wasu a ɗakin ƙasa, in babu su ma zai yi da faranti. Na yi tunanin in daina zuwa da mota. Na san zai share ko da ban zo ba, don kada ranar da na zo in rasa wuri.

Ran Lahadi bayan sujada ban koma ɗakina ba, na zauna a wurinsa har la'asar. Da lokacin kiran ya matso na fito da wayata na ajiye a kan tebur tsakaninmu.

"Yaya, zan gaya mata."

Bai ɗago daga jaridarsa ba. "Na sani. Tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba. Ke kika tona ni ranar da na fasa tagar coci."

"Kai ka tona kanka, da ƙwallon a hannunka."

"Wa za ki riƙa kai wa miyar kabeji? Wannan miyar taki babu mai iya shan ta sai ɗan'uwa."

Na zuba wa wayar ido. Wayar ta yi ƙara. Marlene ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, sannan ta yi tambayar da take yi kowane mako.

"Ya taɓa shebur, Gwaggo?"

"Ya taɓa, Marlene. Zai kuma sake."

Na ji tana jan numfashi. Sai ta ce in ba ta Baba. Na miƙa masa, na tashi na shiga wanke kwanonin da na riga na wanke.

Ba ta ɓata lokaci ba. Kafin watan ya ƙare ta zo da mijinta da motar kaya. Vendel bai yi gardama ba, abin da ya fi ba ni tsoro kenan. Ya ɗauki hoton aurensa, da hular ƙarfen da yake sawa a kamfani, da gicciyen da ke bisa gadon iyayenmu. Ya tsallaka gidan Kovach shi kaɗai ya miƙa wa Tika shebur ɗinsa mai kyau. Da zai shiga mota ya ce mini, "Kada ki bari in ji labarin kin tsaya a tsakiyar titi." Marlene ta ce akwai ɗaki a gidanta in na shirya. Na yi mata godiya, amma ban bi su ba. Wani dai ya kamata ya riƙa share kaburbura.

Yana kirana. Ya ce can babu hunturun kirki, maƙwabta kowa da garejinsa, babu wanda ya san sunan wani. Likitan can ya ce zuciyarsa ta yi sauƙi. Ina gode wa Allah a kan haka, da gaske nake godewa.

Ƙanƙarar ƙarshe ta sauka cikin Maris, ana tsakiyar azumin da muke yi kafin bikin Ista. Na fito daga sujada, ban ankara ba sai na ga motata ta haura tudu da kanta, tukunya a kujerar gefe. Gidanmu yana nan a rufe, da allon sayarwa da babu wanda zai karanta. Ƙanƙara ta kwanta a ƙofarsa sumul, ko sawun tsuntsu babu. Na tsaya a tsakiyar titi, injin yana aiki, na rasa abin da ya kawo ni.

A ƙofar gidan Kovach kuwa an share wuri tas, kusurwoyi a daidaice. Shuɗiyar motar ba ta nan. A tsakiyar wurin, kujerar mahaifiyarmu ce a tsaye, ita kaɗai a duk faɗin layin.

Labulen kicin ya motsa. Can sai ƙofa ta buɗe, Bishnu Maya ta fito cikin manyan takalman ɗanta, tana taka matakala ɗaya bayan ɗaya, tana dafa ƙarfe. Ta daɗe kafin ta iso bakin titi. Ta kama kujerar da hannu biyu, ta ja ta gefe, sannan ta juyo ta yi mini alama da hannu.

Na gaji ƙwarai a ranar. Na juya sitiyari, na shiga wurin a hankali, na kashe injin, na ɗauko tukunyar.